Yadda na bi sawun tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Dutsen Wai

Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Jos ya san Dutsen Wai, in ka wuce Soba kafin ka kai Pambeguwa, amma tsaya ka tambayi samarin bakin titi ko jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa a garin nan, wallahi dariya za su yi maka. Alhali kuwa ya tsaya, shekara arba'in da wani abu ma yana tsayawa.

Layin da Turawa suka kira Bauchi Light Railway ne, kuma abin dariyar shi ne ko kusa da garin Bauchi bai je ba, lokacin ƙasar Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi shi ya sa. Daga Zariya ya tashi, ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tafiyar sama da kilomita 200. Ba don kakanninmu su je ziyara aka shimfiɗa shi ba fa, don kuza aka yi, domin kafin nan a ka 'yan dako ke ɗaukar ta tun daga kan tudu har Loko bakin kogin Binuwai. Layin ɗan siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, shi kuwa babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6, to kun ga taragon wannan ba ya hawa wancan, dole in an zo Zariya a sauke kaya kaf a sake lodi. Da layin Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya shiga Jos a 1927 sai kuza ta samu hanya ɗoɗar zuwa teku ba sauke ba lodi, ɗan layin namu ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

Wannan duk a takarda na samu. Aikin gaske a gari yake.

Na fara da gaida mai unguwa, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, shi ya haɗa ni da yaron da ya zaga da ni wajen dattawa, kuma ba don haka ba da ɗan leƙen asiri ko mai neman fili za a ɗauke ni. Ku yi lissafi, wanda ya ga jirgin nan da wayonsa yanzu ya doshi tamanin ko ya haura, ba su da yawa, wasu kunne ya yi nauyi. Na lura in ka ce Baba a wace shekara, hira ta mutu kenan. Amma ka ce Baba lokacin an yi maka kaciya ko tukuna, me ake sayarwa a tashar, wa ke yanka tikiti, daga ina ake ɗebo wa kan jirgi ruwa, sai ka ga tsoho ya gyara zama. Wani ya ce min ɗana zauna, goron da na kai masa bai ko taɓa ba har aka kira la'asar yana bayani. Kar ku bar tsofaffin mata, su ne suka yi talla a tasha suna 'yan mata, sun fi mazan riƙe ƙananan abubuwa nesa ba kusa ba, sai dai ka je da wata 'yar uwa da za ta shiga cikin gida.

In wurin tsohuwar tashar za ka duba, da rani za ka je, bayan an girbe, in dawa da masara na tsaye ba abin da za ka gani. Kuma ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Abin da dattawa biyu suka saɓa a kai na rubuta duka biyun ban zaɓa ba, in na shiga gidan adana takardun tarihi na Kaduna ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House sai in gwada da fayil ɗin reluwe. Wanda kakansa ya yi aiki a tashar Soba, Kudaru ko Jengre na wannan layin ya taimaka ya tambaye shi tun yau.