Lemar Kawu

Ruwa tun asuba. Babur ya ƙi tashi, na tura shi har bakin titi na dawo da shi, na tari adaidaita. Kafin in kai Kwari takalmina ya zama soso.

Shaddar Umma kawai na je karɓowa, ban yi niyyar zama ba. Amma Kawu ya riga ya aika a kawo shayi, kun kuwa san Kawu. Ina miƙewa ruwa ya sake ɓarkewa, sai ya zura hannu bayan dilar atamfa ya zaro wata tsohuwar lema, kore da fari da ja, ƙarfe biyu sun karye, gefe guda ya yage. Ta kamfe ce. Na buɗe ta ina dariya, na ce, "Kawu, ai wannan ta fi jam'iyyar lafiya. Bari in kai wa Ministar Abuja ta ɗinke maka."

Bai yi dariya ba.

Tsofaffin masu bibiyata sun san asalin sunan. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Kawu ne ejan na PDP a akwatinsu, kamar kowane zaɓe. Aka zazzage ƙuri'un shugaban ƙasa ana ƙirgawa da ƙarfi a gaban kowa, kwandon kayan marmari ya yi tsibi, tsintsiya ta biyo baya, lema ta tashi da 5. Gidan Kawu kaɗai ƙuri'a 6 ne. Ya dawo yana huci, wai an yi masa angulu da kan zabo a cikin gidansa, kuma tunda 'yan'uwan matarsa Inna duk 'yan jar hula ne, sai ya ɗora mata. Ya laƙaba mata Wike, sunan gwamnan Ribas na lokacin da ya juya wa Atiku, ɗan takarar PDP, baya. Ta rantse har ta gaji, daga baya ta koma amsawa. Da aka rantsar da Wike minista a watan Agusta, aka ƙara mata girma. Ni na fara kiran ta Minista, ranar sunan jikarta, tsakar gida cike da mata, har da masu tafi.

Kawu ya ce in ja kujera. Ya aiki yaron shago sayo kati, ya jira ya ɓace, ya rage murya ya ce, "Ɗan nan, ta shidan nan ni ne."

Na ɗauka wasa yake. Mutumin da ya riƙe lema tun 1999. Kwankwaso ya fita a 2013, ya dawo a 2018, ya sake fita a 2022, Kawu na nan daram. A 2015, lokacin da ambaton Jonathan a Kano neman magana ne, shi ya tsaya ejan, yaran unguwa suka bi shi da ihu har ƙofar gida. Kuma babu wanda ya kai shi tsine wa gwamnonin nan biyar. Har na haddace karatun don yawan maimaici: an yi fidda gwani a Abuja ƙarshen Mayun 2022, Tambuwal ya janye wa Atiku, Atiku ya samu 371, Wike 237, aka tsallake Wike aka ɗauki Okowa mataimaki, sai Wike da Makinde da Ortom da Ugwuanyi da Ikpeazu suka kafe sai shugaban jam'iyya Ayu ya sauka, wai ɗan takara da shugaban jam'iyya ba za su fito daga Arewa duka ba. Ayu bai sauka ba, su kuma suka naɗe hannu. A jihohinsu biyar ko ɗaya Atiku bai ci ba: Ribas da Oyo da Binuwai suka tafi wa Tinubu, Inugu da Abiya suka tafi wa Obi. In Kawu ya kawo nan sai ya buga tebur ya ce maciya amana.

Ya ce wallahi da niyyar sak ya fita daga gida. Ta sanata ya dangwala wa lema, ta ɗan majalisa ma haka. Da ya buɗe ta shugaban ƙasa sai yatsa ya tsaya. Ya ce abin da ya faɗo masa kwanakin nan ne na ƙarancin takardun naira, ya kwana biyu yana bin masu POS don ya haɗa kuɗin abincin sauran ejan-ejan daga aljihunsa, babu wanda ya buga waya ya ce sannu. "Shekara ashirin da huɗu ina riƙe wa mutane lema, ruwa na dukana." Ya dangwala wa ɗan gida, ya ninke, ya jefa, ya koma ya zauna a bencin ejan da katinsa a wuya.

Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, to me ya raba ka da su Wike?"

Ya harare ni. Ya ce su jihohi suka ɗauka suka miƙa, shi yatsa ɗaya, kuma a Kanon da Kwankwaso ya tashi da kusan miliyan, Atiku da dubu 131 da 'yan kai, yatsansa bai rage wa kowa komai ba. Ya ce ai Wazirin da kansa ya koya wa mutane hanya, shi ne ya fice daga taron jam'iyya a dandalin Eagle a 2013 da gwamnoni bakwai a bayansa, ya zo yana yaƙar Jonathan. Sannan ya nuna lemar da haɓa: "Wani ya samu Abuja, ni ga abin da na samu."

Na so in ce masa ba dukansu suka sha romo ba. Ortom da Ugwuanyi da Ikpeazu sun nemi sanata a ranar, duk ukun suka sha ƙasa. Kuma komai za a ce a kansu, da rana tsaka suka yi abinsu. Ortom ma fitowa ya yi ƙarara ya ce Obi yake yi, aka zage shi da sunansa, ya ɗauka. Ban faɗa ba. Ba a gaya wa Kawu irin wannan a shagonsa, shayinsa na hannunka.

Ni wake da shinkafarsa bai dame ni ba, rabin unguwarmu haka suka yi. Inna ce ta tsaya min a rai. Ita takardarta ta tafi inda maigida ya ce, ta sha rana a layin mata da ciwon ƙafarta, kuma ita aka yi wa suna. Na tambaye shi ko zai gaya mata. Ya ce, "Bayan duk wannan? Ai sai ta mayar min da sunan." A nan ya yi dariya, ni na kasa. Ya ce amana ce. Ga shi kuma na rubuta. Ku da kuka san gidan, ku riƙe bakinku don Allah.

Ofis babu labari. Janareta, rahoton wata, oga na azumin magana.

Da yamma na biya gidan, Umma ta ba ni saƙon kuka da daddawa. Na tarar da Inna tana kwashe ruwan da ya taru a tsakar gida da tsohon kwano, zani a ɗage. Na buɗe baki sunan ya zo har kan harshe, na haɗiye. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi lemar da ke ɗiga a hannuna, ta daɗe tana dubanta. Ta ce, "Yau kuma an sauke ni daga muƙamin?"

Na ce ruwa ne ya sa na manta. Ta ce in karɓi kwanon, bayanta ya riƙe.

Har yanzu ba a kawo wuta ba. Lemar na zaure, na manta ban bar ta can ba.