Ƙaho, Saiwoyi da Ruwan Randa: Zamana da Cutar MS

Shekara huɗu ke nan da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba hoton MRI da aka ɗauke ni, ya shaida mini cewa ina da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. A gidanmu da ke Gwammaja kuwa an riga an yanke hukunci cewa jifa ne, tunda ƙafata ta yi nauyi, idona na hagu kuma ya dushe cikin kwana uku.

Na sha rubutu, an yi mini ƙaho sau biyu, ga zuma da habbatus sauda kowace safiya, ga ƙullin saiwoyi da goggona ta sayo a Kasuwar Kurmi. Bayan mako shida gani ya dawo, goggo ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan?" Na gaskata ta, har na daina zuwa asibiti. Ashe a jikin yawancin masu wannan cuta, da kanta take tasowa ta lafa, duk abin da mutum yake sha a lokacin lafawar kuma shi ke kwashe yabo. Bayan wata takwas ta dawo, ta kama hannuna na dama.

A wannan karon na zayyana wa likita duk abin da na sha, ban ɓoye komai ba. Bai hana ni zuma ko addu'a ba, amma ya ja mini kunne kan saiwoyin da ba a san ma'auninsu ba, waɗanda ke iya taɓa hanta, da magungunan da ake tallatawa da sunan ƙarfafa garkuwar jiki, alhali ita garkuwar ce ke yaƙata.

Abin da ya yi mini amfani tare da maganin asibiti ba shi da wani kwarjini. Akwai motsa gaɓoɓi da aka koya mini a sashen gashin ƙashi, da bitamin D bayan gwajin jini ya nuna ƙarancinsa, duk da ranar Kano. Sai kuma guje wa zafi, domin tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Uhthoff, ya lura cewa ganin irin waɗannan majinyata kan dushe idan sun motsa jiki, daga baya kuma aka gano cewa ɗumamar jikin ce sanadi. Saboda haka a watan Afrilu tafiyata ta bayan asuba ce, da azahar kuma ina kwance da zanen da na jiƙa da ruwan randa.