Taron Malamai a Kaduna: Darasi a Bakin Kogi da Cikin Panteka

Takardar gayyatar ta ce kowa ya zo da takalmin da zai jure tafiya, da hular rana, da gorar ruwa, a bar babbar riga a gida. Taro ne na malamai daga jihohin Arewa maso Yamma waɗanda suke koyarwa ta hanyar sa yara su aikata abu da hannunsu, suna kuma fita da su daga cikin aji. Ni kimiyya nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kano, kuma na daɗe ina neman waɗanda zan zauna da su mu yi wannan magana ba tare da an ce mini ina ɓata lokacin manhaja ba.

Daga tashar Unguwa Uku muka tashi bayan sallar asuba, sanyin hunturu yana shiga har ƙashi. Wajen Kura gari ya waye sosai, gonakin rani suka bayyana hagu da dama, alkama da tumatir da albasa, ruwan da ake kawowa daga madatsar Tiga yana bin magudanansa. Na riƙa kallon itatuwan gawo a tsakiyar gonaki, sun yi shar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Gawo da damina yake zubar da ganyensa, shi ya sa manomi yake barinsa a gona: ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Ɗalibaina da yawa 'ya'yan manoma ne, sun san wannan tun suna ƙanana, amma ba su taɓa jin cewa kimiyya ce ba. Muka wuce Kwanar Ɗangora, muka ratsa Zariya da Jaji. A Rigachikun na hango ƙofar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa. Dubban malaman ƙasar nan ta hannunta suka samu takardunsu. Kafin azahar muna Kawo.

A wata makaranta da ke hutu aka sauke mu, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro. Wanda ya buɗe zaman dattijo ne, tsohon shugaban makaranta, kowa Baba yake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi horo a duwatsun Shere da ke kusa da Jos, a cibiyar da aka fi sani da Man O' War. Ya ba mu tarihin abin a taƙaice. Wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar Outward Bound a yankin Wales na Birtaniya a 1941, inda ake horar da matasa da teku da hawan dutse don su koyi juriya da taimakon juna. A 1951 aka buɗe irinta a gaɓar tekun Kamaru, daga baya aikin ya dawo Najeriya. Ya kuma ce a Amurka masu wannan sana'a suna da ƙungiya, kuma ban da babban taronsu na shekara, kowane yanki yana yin nasa, domin matsalar mai koyarwa a dusar ƙanƙara daban take da ta mai koyarwa a hamada.

Wata malama da ke aiki da makarantun 'ya'yan makiyaya ta nemi izini. Ta ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ai mu ba daga Turai muka gaji abin ba. Yaron da nake koyarwa ya san ciyawar da ke kumbura wa saniya ciki kafin ya san baƙi." Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 a nan Kaduna hedkwatarta take, kuma malamar ta ce azuzuwansu da yawa inuwar itace ce. Baba ya amince da maganarta. Ya ƙara da cewa bambancin kawai shi ne a zauna bayan an gama aiki a tambayi yaro me ya gani, me ya sa, da me zai canza gobe.

Washegari da hantsi muka tafi lambun Gamji a bakin Kogin Kaduna. A nan ne gadar ƙarfen nan ta ƙafa take, wadda Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya gina a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna bayan garin ya zama hedkwatar Arewa. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni sanda mai tsawon mita 1 da igiyar awo, aka nuna mana wata doguwar itaciya aka ce mu faɗi tsawonta ba tare da kowa ya hau ba. Mu duka mun san lissafin a allo. Amma sai da muka ɗan yi gardama kafin wata malamar firamare daga Kafanchan ta kafa sandar ta auna inuwarta, ta samu mita 1 da rabi. Inuwar itaciyar mita 18 ce, ke nan tsawonta mita 12. Wani rukunin da ya yi nasa awon bayan sa'a guda ya samu inuwa mafi gajarta, amma amsar ta zo kusan ɗaya, kuma a nan ne hirar ta yi daɗi, domin sai da kowa ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa rana ta matsa amma amsa ba ta matsa ba. Mai jagorantar zaman ya danganta wannan da tsarin koyo da David Kolb, wani masanin ilimi Ba'amurke, ya fitar a 1984: a yi abu, a waiwaye shi, a ciro ƙa'ida, a sake gwadawa. A ganina mataki na biyu ne muke tsallakewa a makarantunmu. Mukan kai yara gidan zoo, su dawo da gajiya da ledar biskit, babu wanda ya zaunar da su ya tambaye su komai.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Tun daga bakin hanya ƙarar guduma take tarar mutum, ga tartsatsin walda, ga ƙaurin gawayi. Ana ƙera ƙofofi da tagogi da injin niƙa da murhu da akwatin ƙarfe, yawanci daga tarkacen da wasu suka zubar. Muka tsaya a rumfar masu zubin tukwane. Maigidan rumfar ya sa wani yaronsa, wanda bai wuce sa'an 'yan ajina ba, ya nuna mana aikin. Yaron ya cika akwatin katako da yashi mai ɗan danshi, ya danna tsohuwar tukunya a ciki ya daddaɓe, ya zare ta a hankali siffarta ta zauna, ya huda ƙofar da narkakken ƙarfe zai bi. A gefe ana hura wuta, gwangwanaye da tsofaffin sassan inji na sanholo suna narkewa. Sanholo yana narkewa ne a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius, kuma babu ma'aunin zafi a rumfar. Da ido suke gane ya yi. Ya kwashe dattin da ya taso sama, suka zuba, aka jira, aka fasa yashin sai ga tukunya.

Na tambaye shi me zai faru idan yashin ya jiƙe da yawa. Ya ce, "Malam, tururi zai tashi ya huda tukunyar, wani lokaci ma ya fantsamo wa mutum." Na tambayi ogansa yadda yake koyar da su. Ya ce shekarar farko yaro kallo yake yi da tankaɗe yashi da hura wuta, sai ya lalata 'yan tukwane kafin hannunsa ya faɗa, kuma wadda ta lalace ba asara ba ce tunda komawa wuta za ta yi. Babin canjin yanayin abu daga daskararre zuwa ruwa zuwa tururi, wanda nake shafe mako ina zanawa a allo, ga shi a gabana cikin rabin sa'a. Ban fito da tunanin cewa Panteka ta fi makaranta ba. Yaron nan yana buƙatar karatu da lissafi da kariyar ido da huhu, kuma hayaƙin da yake shaƙa ya dame ni ƙwarai. Abin da ya ba ni takaici shi ne katangar da muka gina tsakanin wuraren biyu, alhali Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ita ma a garin nan take.

Da daddare aka zo kan maganar da kowa ya taho da ita a ciki, wato tsaro. Jihar Kaduna tana da wuraren da malami zai yi marmarin kai yara: gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, tsaunin Kufena a Zariya, duwatsun Kagoro, matsirgar ruwa ta kusa da Kafanchan, da ƙauyen Nok da mutum-mutuminsa na yumɓu suka yi suna a duniya. Amma kowa a wurin yana tune da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a Maris na 2021, da yaran Kuriga a Maris na 2024. Wani malami daga Zamfara ya ce shi ko bakin gari ba zai fita da ɗan kowa ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Ni ma ban gani ba. Uban da ya hana ɗansa fita yana da hujja.

Malamar Kafanchan ce ta juya zancen. Ta ce ita a cikin harabar makaranta take yawancin aikinta: yara sun haƙa rami sun ga yadda launin ƙasa yake sauyawa, sun zuba ƙasa a kwalba da ruwa sun ga yashi ya kwanta a ƙasa, laka a sama, suna da littafin da suke rubuta ranar da kowace itaciya ta yi fure. Idan za ta fita, ba ta wuce inda za a je a ƙafa a dawo kafin tashi. Takan fara zuwa wurin ita kaɗai, ta gaida mai unguwa, ta karɓi izinin iyaye a rubuce, ta tafi da akwatin agajin gaggawa da wani babba ɗaya ko biyu, ta ƙirga yara a ƙofa ta sake ƙirgawa a ƙofa. Da aka tambaye ta yadda take yi da aji mai cunkoso, ta ce kashi huɗu take raba shi, kowane kashi da makonsa, kuma waɗanda suka fita su ne za su koya wa sauran.

Kafin mu watse aka yi yarjejeniya cewa kowa zai gwada darasi ɗaya a waje cikin zangon nan, ya rubuta yadda ta kaya, har da abin da bai yiwu ba, a kawo zama na gaba. Na zaɓi marinar Ƙofar Mata, domin a can yara za su ga zane ya fito daga rijiyar baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. A motar komawa, tsakanin Jaji da Zariya, na rubuta takardar neman izinin shugaban makarantarmu da wadda za a aika wa iyaye.