Minti ashirin bayan layin ƙarshe

Yatsuna ne suka fara ƙin yi min biyayya. Ina tsaye da jakata a hannu, busassun kayana na ciki, riga mai kauri da wando da safa, amma zif ɗin nan wallahi na kasa kama shi, in kai hannu sai yatsun su zame kamar ba nawa ba, haƙorana na haɗuwa kaf-kaf-kaf, ruwa na bin gefen hula yana gangarowa cikin wuyana. Minti ashirin kenan da na gama gudun fanfalaki na farko a rayuwata, kilomita 42 da mita 195. A lokacin ina ƙarshen digiri na biyu a fannin fisiyo, wato gashin ƙashi kamar yadda ake ce mana a asibiti a gida, a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma duk abun da ke faruwa da jikina a wajen nan na karanta shi a aji, har jarabawa na rubuta a kansa.

Dama a aji abun ya samo asali. Farkon zangon karatu malamarmu ta kawo mana gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka na ranar 16 ga Afrilu 2018 a matsayin darasi, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska na bugun mutane ta gaba, sanyi wajen digiri 4. Manyan 'yan gudu da yawa a hanya suka ajiye, har da Galen Rupp na Amurka. Wanda ya ci a ɓangaren maza Yuki Kawauchi ne, ɗan Japan, ma'aikacin gwamnati da ke aikin ofis a wata makaranta, ya gama a awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58, a mata kuma Desiree Linden, awa 2 da minti 39 da daƙiƙa 54, Ba'amurkiya ta farko da ta ci tun 1985, kuma da jaket a jikinta ta tsallaka layin. Malamar ta tsayar da bidiyon a kan jaket ɗin nan ta daɗe tana bayani, cewa ruwa na jan zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, mutum mara kitse da ya fito da 'yar shimi idan gudunsa ya ragu kaɗan jikinsa ba zai iya maida zafin da yake asara ba. Ta kuma kawo mana na Gansu a ƙasar Sin, Mayun 2021, tseren kilomita 100 a kan tsaunuka, yanayi ya juya musu da ruwa da ƙanƙara da iska, mutum 21 suka rasu, cikinsu har da gwanaye. Ranar ajin ya yi tsit. Ni kuma daga ranar sha'awar gudun ta shige ni, na ce kafin in koma gida sai na ji abun da mutanen da zan riƙa dubawa suke ji.

Wata huɗu ina atisaye, gaskiya ban yi wasa ba, amma akwai abu ɗaya da na riƙa yi wanda sai daga baya na gane illarsa: duk ranar da aka tashi da ruwa sai in fasa fita in tafi ɗakin motsa jiki in hau injin gudu. Mu a gida ai ruwa uzuri ne da kowa ke karɓa, ka ce ruwa ne ya tare ni shikenan an fahimta, ka fake a rumfar mai shayi har ya ɗauke. Toh da wannan tunanin na zo, ban taɓa yin ko kilomita 10 a jiƙe ba, ban san yadda kambas ɗina ke yi in ya sha ruwa ba, ban san inda riga ke cin fata ba.

Ranar gudun, wata Lahadi a Oktoba, tun asuba ake yayyafi, irin ruwansu ɗin nan mara ƙarfi mara ƙarewa, ga iska. Na ga mutane sun huda baƙar ledar shara sun zura kai a ciki kamar riga, ni ma na yi, wannan dabara ce mai kyau don kar ka jiƙe kana jiran a tashi. Na shafa basilin a cinya da hammata. Amma a ƙarƙashin jesina na sa singileti ta auduga wai don ta ƙara min ɗumi, safata ma ta auduga ce, alhali auduga in ta sha ruwa riƙe shi take ta manne a fata, ba ta bushewa. Kilomita 3 kacal na yage ledar na yar don na ji jiki ya yi zafi. Kuma na tashi da sauri fiye da yadda na tsara, saboda a sanyi ba ka jin gajiya da wuri, numfashi na tafiya daidai, sai ka ɗauka yau ranarka ce.

Wajen kilomita 18 na fara jin tafin ƙafata na zafi, fatar ta jiƙe ta yi laushi, safa na gogarta, bororo ya tashi a ƙarƙashin babban yatsa. Ƙirjina kuma singiletin ta sale min fata har jini ya ɓata jesi, ban sa filasta ba. Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar ci ne. Ina da 'yan ledojin jel mai zaƙi da dabino a aljihu, tsarina in ci wani abu duk bayan minti 40 ko makamancin haka, amma hannu ya yi sanyi ledar ta ƙi yaguwa, yunwa kuma ba na ji, ƙishi ba na ji, sai na riƙa cewa anjima. Jiki yana da ajiyar sikari a tsoka da hanta wadda ake kira gilaikojin, kuma ga yawancin mutane ba ta kai su ƙarshen kilomita 42 in ba a ƙara ba, shi ya sa ake yawan durƙushewa daga wajen kilomita 30. Ni a 32 ta ƙare min. Ƙafafu suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, na koma tafiya da ɗan sassarfa, kuma nan ne lissafin malama ya hau kaina, gudu ya ragu, zafin da jiki ke samarwa ya ragu, ruwa da iska kuwa ba su rage komai ba. Kilomita goman ƙarshe da hailala da salati na yi su. Na gama a awa 4 da minti 41.

Toh a nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne. Da na tsallaka layin aka rataya min lamba a wuya, aka miƙo min wani siririn bargo mai ƙyalli kamar takardar naɗe alawa, na riƙe shi a hannu ban lulluɓa ba, na tsaya hoto, na kira Umma don na san tana can tana jiran waya. Tana ɗauka ta ce, kai ɗan nan lafiya kake kuwa, muryarka ba daidai take ba. Na ce lafiya lau Umma gajiya ce. Ta ce a'a, ka je ka cire jiƙaƙƙun kayan nan tukuna sannan ka kira ni. Daga Zariya ta ji abun da ni da nake cikin jikin ban ji ba. Na shiga layin karɓar jaka na tsaya cikin iska ban motsi, kuma muddin kana gudu jiki wuta yake hurawa, kana tsayawa wutar ta mutu, jiƙaƙƙen kaya kuma na ci gaba da zuƙe abun da ya rage. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 yake, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari, kuma mugun abun shi ne tunani na cikin abubuwan da ke fara taɓuwa, mutum bai san yana cikin matsala ba, ka tambaye shi ya ce lafiya lau.

Wata dattijuwar nas ce ta hango ni ina fama da zif. Ba ta tambaye ni ya jiki ba, sunana ta tambaya da ranar da muke ciki, da ta ji ina jan magana sai ta kama hannuna zuwa tanti. Ita da wani saurayi suka cire min jesi da singileti da safa, suka goge ni da tawul, suka naɗe ni da bargo har kai, aka ba ni shayi mai zafi da sikari da yawa. Ta zauna kusa da ni tana kallon yadda nake karkarwa ta ce wannan rawar ɗarin alama ce mai kyau, wanda ya daina rawa alhali jikinsa na da sanyi shi ne ake tsoro. Na fi rabin awa a wajen. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata fatan alheri, don a wajenta na koyi cewa ba a dogara da amsar mara lafiya kaɗai, kallonsa ake, hannunsa, bakinsa, tafiyarsa.

Kwanakin da suka biyo baya kuma wata makarantar ce daban. A littafi an ce tsamin jiki na kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, na san wannan jimlar kamar sunana, amma ban san ma'anarta ba sai ranar Talata da asuba da na zo yin sallah. Ruku'u dai na lallaɓa, sujada ce ta gagara, sauka ƙasa cinyoyina kamar ana tsaga su da reza, da na samu na kai goshi ƙasa kuma tashi ya zama aiki, sai da na dafa gado. Kwana uku a kan kujera na yi sallah. Bene kuwa da baya-baya nake saukowa, don tsokar gaban cinya ta fi jin jiki lokacin da take riƙe nauyinka tana miƙewa, wato wajen sauka, hawa ya fi sauƙi. Abokin zamana ɗan Katsina, Allah ya saka masa, shi ya riƙa dafa min shinkafa da wake da ƙwai, ya dama kunun gyaɗa, don tsokar da ta yi rauni abinci take so da barci.

Daren farko ya miƙo min dikulofenak ya ce Malam sha ka samu barci, na ce a'a, wannan kam na riƙe shi daga aji. Irin waɗannan magungunan, shi da ibufurofin, in jiki ya sha wahala haka kuma ruwa ya yi ƙaranci suna iya taɓa ƙoda. Na riƙa duba fitsarina kuma, don in ya koma baƙi-baƙi kamar lemon kwalba alama ce tsoka ta farfashe da yawa tana zubo abun da ke toshe ƙoda, wannan asibiti ake tafiya a take ba a jira gari ya waye. Nawa alhamdulillahi ya washe a rana ta biyu. Bororon ban ɓare fatarsa ba, na wanke na rufe. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, bayan wasu makonni ya fita da kansa, sabon ya ɗau watanni kafin ya cika.

Rana ta shida na ji garau sai na fita na yi kilomita 8, washegari gefen gwiwata ta dama ya kama ciwo, ciwon da ya zaunar da ni sama da wata ɗaya. Tsamin jiki na tafiya kafin gyaran da ke ciki ya kammala, wannan ma na sani, zuciya ce ta ƙi haƙuri. Akwai kuma wani kasala da ƙunci da ya sauko min a satin nan, wata huɗu kana tashi da manufa sai ka wayi gari babu, ba wanda ya taɓa gaya min wannan, kuma da na yi magana da wasu da muka yi gudun tare na tarar ba ni kaɗai ba ne.

Yanzu na dawo gida ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, kuma masu gudun fanfalaki ba su ne ke cika min layi ba, tsofaffi ne masu ciwon gwiwa da baya, masu shanyewar ɓarin jiki, 'yan acaɓa da suka karye, 'yan ƙwallon unguwa. Da can in mutum ya zo sai in ce ya auna min ciwon daga ɗaya zuwa goma in rubuta lamba. Yanzu tambayata ta farko ita ce yaya yake sallah, a tsaye ko a zaune, yana iya tsuguno a bayi, wa ke ɗaga shi in ya zauna a tabarma. Kuma na daina sakin mutum da zarar ciwo ya lafa, musamman samarin nan 'yan ƙwallo da ke son komawa fili ranar da kumburi ya sauka, ina zaunar da su in nuna musu gwiwata in ba su labarin rana ta shida.

Makon jiya wani dattijo ya zo, ɗansa na riƙe da shi, na ce Baba ya jiki, ya ce da sauƙi alhamdulillah. Na kalli yadda ya dafa bango kafin ya zauna, na ce Baba tun yaushe rabonka da kai goshi ƙasa? Ya yi shiru, can ya ce tun azumin bara ɗana, kuma shi ne abun da ya fi damuna, ba ciwon ba. Na jawo kujera da matashi biyu muka fara daga nan, sauka kaɗan-kaɗan yana dafe da hannuna, na ce ya dawo ranar Alhamis da dardumarsa.