Abin wuyan da na taya a gwanjo, da yadda muka gane shekarunsa

A wajen gwanjon kayan da a Riyad na saye shi. Abin wuya ne irin na matan Larabawan ƙauye, da layar azurfa a tsakiya, murjani jere dama da hagu, ga tsabar kuɗi suna reto a ƙasa. Dillali ya ɗaga shi sama yana rantsuwa ya haura shekara ɗari biyu, hujjarsa 1780 da ke jikin kuɗin. Na taya daidai kuɗin azurfar da na ƙiyasta, na ɗan ɗora saboda kyan aiki, aka sallama min.

Wannan 1780 ta ci kuɗin mutane da yawa. Kuɗin Mariya Teresa ne, sarauniyar Ostiriya, wanda a nan ake kira riyal Faransi. A shekarar ta rasu, amma aka ci gaba da buga shi ba a taɓa lambar ba, har a Landan da Bombay, kuma Ostiriya na bugawa har yau. Nauyinsa gram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa ne, shi ya sa maƙera suka daɗe suna narka shi su yi kayan ado.

Da na koma Jidda na kai wa wani dattijon maƙeri, Bahaushe haifaffen Makka. Ya kara maganaɗisu, bai kama ba. Ya goga gefen layar a baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid, ya ce azurfa ce. Na ce, "To Baba, ai shi ke nan." Ya ce, "Ɗana, azurfa daban, tsufa daban. Ta jiya ma azurfa ce."

Sai ya miƙo min madubin ƙara girma, ya sa ni duba 'yan kunnuwan da zare ke ratsawa. Na jikin layar sun siɗe ta sama, ramin ya koma kamar ƙwai saboda goga ta shekara da shekaru. Bayanta, inda take kwanciya a ƙirji, ya yi sumul, baƙin ya maƙale cikin lungunan zane kawai. 'Yan ƙwayoyin azurfar da aka jera a fuskarta ba su yi kai ɗaya ba, alamar ɗaya bayan ɗaya aka liƙa su da hannu. Sarƙar kuwa baƙinta bai ɗaya ne ko'ina, har inda fata ya kamata ta goge, ga siririn layi a gefen kowane ƙulli inda bakin mazubi ya haɗu. Zubi ne na kwanan nan aka shafa masa magani ya yi duhu. Murjanin ma gauraye ne: na gaske yana da siraran jijiyoyi a tsaye, wasu kuma da ya haska su muka ga kumfar iska a ciki, gilashi ke nan.

A ganinsa layar aikin Yaman ce, mai yiwuwa kafin Yahudawan maƙeran can su yi ƙaura a 1949 da 1950. Ya tuna min cewa a al'adar Badawiyyai, wato Larabawan ƙauye, kayan azurfa na amarya ne, in ta rasu akan narka su a yi wa wata sabo, don haka da wuya a samu wanda ya daɗe sosai. Layar kaɗai ta biya ni, kuma ina sonta.

Yanzu ba na taya sai na riƙe abu a hannu na juya bayansa. In kuwa aka raɗa min cewa zinariya ce da aka tono daga ƙasa, irin ta Saj, wani tsohon gari a gabashin Saudiyya, da aka gano a 1998 wadda ke gidan tarihi na ƙasa a Riyad, ko kallo ba na ƙarawa. Dokar kayan tarihi ta 2014 ta hana haƙa ba izini, abin da ke binne mallakar hukuma ne, kuma baƙo irina iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, zai sa a caca.