Ƙashi ya haɗe, saura ƙafa

Masu dubiya suna sallamar majinyaci ne ranar da aka cire masa siminti. Daga ranar gaisuwa ke tashi daga "ya jiki?" ta koma "ashe an miƙe, barka da arziki." Haka aka yi mini bayan kabu-kabu ya zubar da mu a hanyar Mabera, nan cikin garin Sakkwato, ƙarshen damina, idon sawuna na dama ya karye. An yi mini zumunci iya zumunci, Allah ya saka wa kowa. Sai dai abin da aka zaro daga cikin simintin nan ba ƙafar da na sani ba ce. Sharaɓa ta tsotse, fata ta yi fari tana saɓa, idon sawu ya sandare. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, likita ya yi murna, ni ma na yi. Da na koma gida na tarar ba na iya tsugunawa, ba na iya zaman tahiya, sallah ma a kan kujerar roba nake yin ta a ƙarshen sahu tare da dattawan unguwa.

Ni ba wani ɗan wasa ba ne. Malamin makaranta ne da ya haura arba'in, mai ɗan gudun sassarfa bayan Asuba, ranar Asabar kuma ya buga ƙwallo da tsofaffin 'yan wasan unguwa a filin wata firamare. Ɗan wannan abin shi ke riƙe da barcina da hawan jinin da nake jin tsoron gado. Wata biyun da na yi a kwance ya tafi da shi, ya kawo teɓa a madadinsa. Duk wanda ya zo dubiya da kwano yake zuwa: wannan fura, wannan tuwon shinkafa, wannan farfesun ƙafar sa, wai ƙafa ke gyara ƙafa. Wa zai mayar da kwanon gwaggonsa a cike? Zariyar wando ce ta fara ba ni labari.

Akwai abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun ina kwance, shi ya sa nake rubuta wannan. Jiki ba ya lalacewa gaba ɗaya, kuma ba ya dawowa gaba ɗaya, kowane sashe da nasa lokacin. Ƙarfin zuciya da numfashi yakan fara ja da baya cikin mako biyu zuwa uku da barin motsa jiki. Tsokar da aka kulle cikin siminti ta fi haka saurin zubewa. In an dawo kuwa, numfashi ne ke riga kowa, cikin 'yan makonni haki ya ragu, mutum ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Tsoka ta biyo baya, ita ma ba ta cika gardama ba in dama ta saba da aiki. Masu nawa su ne agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa, don jinin da ke isa gare su kaɗan ne, gyaransu na watanni ne. Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani: yadda ƙafa ke sanin inda ta taka ba tare da ka duba ba, ta gyara kanta in ta hau dutse ko ta faɗa rami. Wannan sanin yakan dushe in gaɓa ta daɗe a kulle, kuma shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa saurin sake yi.

To ka ga inda haɗarin yake. Ba makon farko ba ne, lokacin da ciwo da kansa ke tsare ka. Makon da ka tashi ka ji garau ne, ƙirji na cewa mu je, idon sawu kuwa bai gama shiri ba. Wani abokin ƙwallonmu, wanda ya fi ni ƙuruciya da ƙarfi nesa ba kusa ba, gwiwa ce ta same shi. Ya ji sauƙi, aka ce ana neman mai tsaron baya, ya ɗaura takalmi. Kafin a tafi hutun rabin lokaci a kafaɗa aka fitar da shi, jinya ta dawo sabuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A wurinmu in an ce gashi, abin da ke zuwa ran mutum ruwan zafi ne da tsumma da man zafi. Da aka tura ni sashen gashin ƙashi a asibiti na ɗauka kwanciya zan yi a gasa ni in tashi. Ashe aikin gida za a ba malami. Matashin da ya duba ni ya ce, "Malam, ka iya alifun ba'un ai? To zauna ka rubuta su a iska da babban yatsan ƙafa, safe da yamma." Daga nan sai jan tafin ƙafa da tawul. Sai tsayawa gaban bango, diddige a ƙasa, ana tura gwiwa ta taɓa bangon, in ta taɓa a ja ƙafa baya kaɗan a sake. Wannan shi ya dawo mini da tsuguno. Sai ɗaga diddige a tsaya kan yatsu, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, wadda na haɗa ta da asuwaki don kada in manta. Babu ko ɗaya mai ban sha'awa a cikinsu, babu wanda za ka ɗauka a waya ka sa a Facebook. Amma ranar da na ajiye kujerar roba na zauna tahiya a kan ƙafata, na san daga ina ta fito.

Ya kuma ba ni ma'aunin da har yau da shi nake aiki: a bar wa safiya hukunci. Tsamin jiki bayan atisaye ba abin tsoro ba ne, yakan ma fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan an yi, sannan ya sake. Amma in gari ya waye gaɓa ta kumbura fiye da jiya, ko ɗingishi ya dawo, to an zarce, sai a rage. Ba a daina ba, a rage.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori, da yawa a garin nan a hannunsu suka miƙe. Ra'ayina dai a fara ɗaukar hoto, don karayar da ta shiga cikin gaɓa ba ta ɗaurin kara ba ce, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi yana iya kashe ƙafa. Wanda ya warke a hannun mai ɗori shi ma yana buƙatar wannan aikin gidan, kuma galibi babu mai gaya masa.

Tafiya na fara da ita, kuma dabarar da ta yi mini aiki ita ce sauya masallaci. Na bar na ƙofar gida a sallar Asuba na koma wani da ke can gaba, in an idar in zagayo ta doguwar hanya. Mutum na iya yi wa atisaye ƙarya ya ce gobe, amma dole ya fito sallah, kuma tun da ya riga ya fito da takalmi a ƙafa, rabin aikin ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Da farko adadin ya ba ni tsoro, sai da na raba shi na ga ƙaramin nasa minti 30 ne sau biyar. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya hira a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Duk wanda zai tsara motsa jiki a Sakkwato ya fara tambayar rana. Na yi sa'a farkon tafiyata ya faɗo cikin hunturu: sanyin Asuba na sa idon sawu ya ƙara sandarewa, sai na ɗan motsa shi a ɗaki kafin in fita, in hazo ya yi yawa in rufe hanci da rawani. Amma hunturu mai sauƙi ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda bai gama abin da zai yi ba kafin hantsi ya haƙura sai bayan Magariba. Azumin 2025 a Maris ya kama, sai na mayar da tafiyar bayan sallar asham, na kuma rage ta. Ruwa kuwa ba sai ƙishi ya kira ba, fitsari ne ke faɗin gaskiya: in ya yi ja, jiki na bin ka bashin ruwa. In ya yi baƙi-baƙi bayan atisaye mai tsanani, ko aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar kwanciya, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin ya fara.

Sai idon mutane, wanda ni a wurina ya fi zafin rana. A garin nan in magidanci mai gemu ya sa kambas yana sauri a ƙafa, to ko dai mashin ɗinsa ya lalace ko wani abu ya faru a gida. 'Yan kabu-kabu su yi ta tsayawa suna danna oda. Wani ya rage gudun mota ya ce, "Malam, lahiya? Taho in kai ka." Inna kuwa da ta ji na fara ɗan gudu sai ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai, mi kaka nema? Wa yak koro ka? Wagga ƙahwa da Allah yam maido maka ita zaka kai ga titi?" Na ce likita ne ya sa ni. Ta ce to Allah shi kyauta, da muryar da ke nuna ba ta yarda da ni da likitan ba. Duk wannan da dariya ake wuce shi. Mai ciwon shi ne ranar da na je wajen filin wasa na Giginya, abokan da muke gudu tare suka zo suka wuce ni a jere, ni ina taku ɗai-ɗai. Suka ɗaga hannu cikin mutunci, "Sannu Malam, Allah shi ƙara sauƙi." Babu wanda ya yi mini laifi. Mutumin bara ne nake gani a cikinsu, wanda ke gaban layi, kuma duk lissafin da na yi da shi faɗuwa nake yi. Sai na koma lissafi da makon jiya, na sayi ɗan littafi ina rubuta abin da na yi da yadda ƙafa ta kwana.

Gudun ma da falwaya na auna shi: in yi sassarfa daga wannan zuwa waccan, in taka biyu a hankali, in sake. Sannu a hankali na gudun suka fi na tafiyar yawa. Wurin takawa ma abin lura ne. Kwalta tana da tauri amma a miƙe take. Rairayin lungunanmu yana da laushi, amma shi ke murɗe idon sawun da bai gama ƙwari ba, don haka sai daga baya na shige shi. Takalmi na gwanjo na saya, ba laifi, abin dubawa kawai a kifa shi a ga ko diddigen ya cinye ta gefe ɗaya, don tafiyar mai shi na farko zai koya maka. Ɗaga ƙarfe kuwa ban biya kuɗin kowa ba. Litar ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai cin lita 25 kilo 25 ke nan. Na fara da rabin jarka, in ɗauka in zagaya tsakar gida, in rungume ta in tsuguna in tashi. Uwargida ta fara da dariya, yanzu ita ke riga ni, tana zagayen tsakar gida da tsallen igiya bayan yara sun tafi makaranta, tun da ita fita titi da sassafe ba ta taso ba.

Da damina ta sauka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, na rasa kwanaki masu ɗan yawa. A irin wannan gaɓar ce mutane da yawa ke watsar da komai, wasu kuma su tashi da niyyar biyan abin da ya wuce a rana ɗaya. Atisaye ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. Na gama shan magani, na bari cin abinci ya dawo, na koma matakin da nake makonni biyu kafin zazzaɓin, na hau daga nan. Bai ɗauki lokaci ba na cim ma inda na tsaya.

Ƙwallo ce har yanzu ban koma ba. Gudu a miƙe daban, birki da juyi da karo daban. Sharaɗin da muka yi da mai gashin shi ne in iya tsalle da ƙafar dama kaɗai kamar yadda nake yi da ta hagu, in dira ba tangaɗi, in kuma yi gudu in juya nan take ba tare da na ji tsoron ƙafar ba. Na farkon ya kusa, na biyun da saura. 'Yan Asabar sun ce in tsaya gola tun da ba gudu, na ƙi, don gola ya fi kowa tsalle da dira a karkace. Sai suka miƙa mini usur. Yanzu ni ne alƙalin wasa, ina bin gefen fili da sassarfa, ina shan zagi daga ɓangare biyu, kuma bisa ga dukkan alamu ban iya busa satar gida ba. In damina ta ɗauke, fili ya bushe, zan koma a sake gwada ƙafar. In ta ci jarrabawa zan shiga baya na minti goma, a wasan da babu yara 'yan ashirin a ciki.