Sunan DJ a wajen rawar swing: abin da na koya bayan na ɓoye nawa

Wani yaro da ya fara koyon saka waƙa a wajen rawarmu ya tare ni kwanaki, yace in taya shi zaɓen sunan DJ cikin guda uku da ya rubuto a wayarshi, wanne zai fi kama baki. Na karanta su duka, sai nace mishi mu samu waje mu zauna tukuna, domin nima ta wannan hanyar na biyo kuma akwai abubuwan da na so ace wani ya faɗa min tun farko.

Karatu ne ya kawo ni wani gari a arewacin Ingila, kuma anan na fara cin karo da Lindy Hop, rawar da baƙaƙen fatar Harlem ta birnin New York suka ƙirƙiro wajen ƙarshen shekarun 1920, wadda ake yi da wani salon kiɗan jazz da ake kira swing. Kiɗan ne ya fara kama ni kafin rawar, wallahi ranar farko da naji ƙahonin nan suna amsa wa juna kamar masu kira da amshi sai da tsigar jikina ta tashi. Bayan kamar shekara biyu ina zuwa duk Alhamis, masu shirya wajen suka ce ko zan riƙa karɓar zango ɗaya na saka waƙa, minti 45, babu kuɗi sai dai ka shiga kyauta. Na amsa, kuma a daren na haɗa wa kaina suna, DJ a gaba sannan sunan unguwarmu ta gida a baya.

Abin da ban gane ba lokacin shine DJ iri biyu ne, kuma sunan da ya dace da ɗaya ba lallai ya zauna wa ɗayan ba. DJ na kulob da na hip hop mai ƙirƙira ne, yana haɗa faifai biyu, ya yanko nan ya manna can ya fitar da abin da babu shi a da. Clive Campbell da duniya ta sani da Kool Herc, wanda ya yi wasan nan na 1973 da ake cewa daga shi hip hop ya faro, a Sedgwick Avenue cikin Bronx ta New York, hannunshi ne abin kallo, mutane shi suke zuwa ji, to dole sunanshi ya zama tambari. Mu kuwa a swing ba ma haɗa komai. Ka saka waƙa tun daga farkonta har ta ƙare, yawanci minti 3 da ɗan wani abu domin iya abin da fuskar tsohon faifan nan mai juyi 78 a minti take ɗauka kenan, sannan ka bar ƴan daƙiƙoƙi shiru mutane su yi wa juna godiya su nemi wani abokin rawa, sai ka saka ta gaba. Duk gwanintar tana cikin zaɓi ne da kallon fili, ka ga sun fara haki bayan waƙa mai bugu 190 a minti ka sauko da su 140, ka ga sababbin zuwa sun manne da bango ka nemo musu wadda bugunta yake a fili kamar tafi, ka ga tsofaffin hannu sun fara duba waya ka san lokacin tayar da ƙura ya yi. In ka yi aikin da kyau ma sai a manta kana wajen.

Darasi na farko ya zo min ne ta hanyar asara. Wata mata da ke shirya taron ƙarshen mako a wani gari ta ji ana yabon zangona, ta tambayi ƴan wajen rawarmu wanene wannan DJ ɗin, uku daga cikinsu suka ce basu san shi ba, alhali duk sati da su nake rawa kuma sun san sunana na yanka sarai, kawai basu taɓa haɗa sunan fosta da fuskata ba. Ta ɗauki wani. A wannan harka mutum yana samun gayyata ne ta bakin wanda ya sanshi, wane yace wane yana da kunne, yana zuwa kan lokaci, baya tsallake lokacin wani, in makaɗa sun tafi hutu ya iya riƙe fili ba tare da ya saka waƙar da za su dawo su kaɗa ba. Duk wannan shaidar akan sunanka take taruwa, in ka raba shi biyu ka raba ta biyu.

Na biyun ya fi zauna min a rai. Wata dattijuwa da ta daɗe tana zuwa ta same ni a teburi tace sautin yana mata ciwo a kunne ta gefen sifikar hagu, kuma ta yi sati uku tana so ta faɗa amma da ta ga sunan a allo sai ta ɗauka wani ƙwararre aka ɗauko haya daga waje, bata so ta shiga aikinshi. Naji ba daɗi sosai. DJ na swing ɗan rawa ne da ya ɗan fita daga fili ya zauna bayan laftof, anjima zai koma ciki, kuma yana buƙatar mutane su iya tunkararshi su ce ya yi sauri, ya yi ƙara, ko su tambayi wa ke wannan waƙar.

Wannan tambayar ta ƙarshe fa, wa ke wannan waƙar, ita ce ta ƙarasa canja min tunani. Sunan da ya kamata ya fita daga ɗakin nan a bakin mutane shine na masu kiɗan, Chick Webb da ya riƙe Savoy, babban dandalin rawa na Harlem, da gangunanshi, Ella Fitzgerald da ta shiga ƙungiyarshi a 1935 tana budurwa, da ire-irensu da suka yi aikin a zamanin da ake hana su kwana a otal ɗin da suke wasa. Savoy ɗin da aka buɗe a 1926 aka rufe a 1958 ya tafi, ɗan rawa Frankie Manning da ya yi tashe a can ya koma aikin gidan waya kusan shekara 30 kafin masu neman asalin rawar su nemo shi a shekarun 1980, ya cigaba da koyarwa har ya rasu a 2009 yana da shekara 94, kuma har yau daga Harlem har ƙauyen Herräng na Suwidin inda ake taron rawar duk bazara, Frankie kawai ake cewa. To ni da na danna maɓalli kawai, me zai sa in ɗora wa kaina rawani?

Yaron nan yace min ai suma masu kiɗan suna da laƙabi. Gaskiya ne, amma ka duba ta ina suka zo. Edward Ellington abokanshi na yarinta ne suka sa mishi Duke saboda tsafta da iya ɗaukar kai. Lester Young ne ya kira Billie Holiday da Lady Day, ita kuma ta rama mishi da Prez. George Snowden ɗan rawa kuwa gajartarshi ce ta jawo mishi Shorty, har aka sa wa wani taku sunan. Mu Hausawa mun san wannan, laƙabi mutane ne ke liƙa maka shi bayan sun ga wani abu a jikinka, shi yasa yake bin mutum har kabari.

Akwai dai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, wato ba don ado kawai na ɗauki sunan ba, tsoro ma yana ciki. Rawa ce ta mace da namiji riƙe da hannun juna, kuma na san yadda za a kalle ta a gida in wani ya ga sunana da na mahaifina a fosta a Facebook. Da na gaji da ɓoyon na kira yayana na faɗa mishi komai, ya yi shiru can yace, ƙanena in abin kunya kake yi ka bari, in kuma ba na kunya bane to me sunan Baba ya yi maka. Nace Yaya ka bani lokaci in yi tunani. Bai ce ya yarda da rawar ba har yau, kuma ban nemi ya yarda ba, amma daga watan da ya biyo baya sunana na gaskiya ake rubutawa.

Saboda haka ba zan taɓa zargin wanda ya sakaya sunanshi don kariya ba. Na san wata DJ da wani mutum ya riƙa binta taro taro yana gano inda za ta yi wasa ta hanyar fosta, ta canja suna kuma masu shirya taro duk sun san ko wacece, suna rufa mata. Akwai malaman makaranta, akwai masu aikin da basa son a haɗa su da dare. Wannan duk hujja ce mai ƙarfi kuma ina bayansu ɗari bisa ɗari, abin da nake roƙo kawai shine su bari masu gayyata da ƴan fili su san fuskar da ke bayan sunan.

Duk wannan na zayyane wa yaron har shayinmu ya huce. Alhamis mai zuwa zai yi zangonshi na farko, nace ya fara da wani abu wajen bugu 140, ya ɗaga kai daga laftof ya riƙa kallon ƙafafun mutane, kuma ya rubuta sunan kowane makaɗi a kusa da shi saboda za a zo a tambaya. Sunan da za a sa a allo kam har yanzu bai turo min ba.